Kalmar da Aka Ba Ni Ranar Litinin

Lokacin kullen korona muna zaune a hawa na sha ɗaya na wani bene a unguwar Cheras, a ƙasar wajen da Abba yake karatu, ajinmu kuma ya koma cikin tsohuwar kwamfutar Abba. Hakan ya yi mini daɗi, don ni ba mai magana ba ce. Wata uku ba wanda ya ji muryata a darasin Turanci. Sai wata Litinin malamarmu ta ba kowa kalma ɗaya, ta ce ranar Alhamis kowa zai yi bayanin tasa da baki, kyamara a kunne. Ni aka ba chew.

Tauna ke nan, wannan na sani. Amma a ƙamus na tarar da 'yan'uwanta: munch, gnaw, da wata doguwa, masticate, mai harɗe mini harshe. Tunda ba a fita, sai na koma kallon bakin mutanen gidanmu. Abba yana cin soyayyar gyaɗa ƙurus-ƙurus, idonsa a kan takardun bincikensa. Na rubuta munch. Umma ba ta ajiye ƙashin kaza sai ta gwaigwaye shi tas. Na rubuta gnaw.

"Ke, lafiya kike leƙa mini baki?" in ji Umma.

"Aikin makaranta ne, Umma."

"To ki ce wa makarantar ta bari in gama cin abinci."

Abba ya yi dariya, ya ce malamin da ke duba bincikensa ya taɓa ce masa chew on it, wato ya je ya yi tunani.

"Ashe su ma suna tauna magana," in ji Umma. Na rubuta wannan ma.

Ranar Alhamis aka zo kaina. Na kafa ido a kan ɗan koren hasken da ke gefen kyamara, na faɗi komai, har masticate ɗin. Da na ɗago sai na ga malama tana nuna kunnenta. Ban buɗe makirfo ba. Bangon ɗakinmu na yi wa jawabi.

Na jira kunya ta kama ni, ba ta zo sosai ba. Ai na riga na faɗa sau ɗaya, kuma ban mutu ba. Na danna makirfon, na sake farawa, a hankali wannan karon. Da na kai kan maganar Umma, malama ta tsayar da ni ta ce yaya muke cewa chew da yarenmu.

"Tauna," na ce.

Ta gwada, ta ɗan ja ƙarshen. Na gyara mata, ta sake.