Minti Biyu a Bakin Magudanar Baba

A shekarar da nake aiki a wani shagon ɗaukar hoton fasfo a Sinnar, wata cuta ta kama ni, cutar ɗaukar hoton ruwa. Ba irin hoton da kowa ya sani ba. Kafa kyamara ake yi a kan ƙarfe mai ƙafa uku, a rufe mata ido da baƙin gilashi, a bar ta a buɗe har minti biyu. Duk abin da ke motsi sai ya narke ya ɓace, ruwa ya kwanta sumul kamar nono a ƙwarya, abin da ya tsaya cak shi kaɗai ke fita. Kuma masu wannan sana'a ba sa son tarkace: ruwa, sararin sama, sai abu ɗaya tak. Na riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda na riƙe zumunci.

Ina cikin haka Baba ya aiko in zo gida, ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad. Dawarsa ta yi ciki, ruwa kuwa ya ƙi isowa. Hawasharsa, wato gonar da yake nomawa, ita ce ta ƙarshe a layinmu, ciyawa da laka sun shaƙe magudanar da ke shayar da ita. Kwamitin ruwa na da motar yasa guda ɗaya mai kwashe lakar magudana, kuma sun ce wanda ya kawo hoton magudanar da ta fi lalacewa, can za a tura ta.

"Kai ke da kamara," in ji Baba. "Ɗauko musu wahalarmu su gani da idonsu. Khalas, shi ke nan aikinka."

Da hantsi na iske manoman layinmu sama da ashirin a bakin magudana, kowa da farar jallabiya, kowa ya ɗaure fuska don a ga ɓacin rai. Na ce su ja baya, sun cika hoton. Wani tsoho ya ce shi da hannunsa ya haƙa wannan magudana tun ban san hanyar masai ba, babu inda za shi. Na haƙura, na ɗora baƙin gilashina, na danna.

Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba. Gardama ta ɓarke kan wanda zai tsaya a gaba. Wannan na kore ƙuda, wancan ya tafi gaida baƙo. Baba kuwa ya tattare riga ya faɗa cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, yana tumɓuko ciyawa yana ɗaga wa kyamara, ya yi gaba, ya dawo, yana cewa, "Ka ɗauki wagga? To ga wata!" A duk wurin babu mai natsuwa sai jakin maƙwabcinmu da ke barci a tsaye.

Na duba abin da ya fito, daɗi ya kama ni. Babu mutum ko ɗaya. Babu ciyawa, don Baba ya motsa ta duka. Magudana ta cika fal da wani farin ruwa mai santsi har ƙarshen gani, ga jaki shi kaɗai a gefe kamar mai tunanin lahira. Na san ya kamata in cire gilashin in sake ɗauka irin ta mutane. Ban yi ba. Tunda nake ban taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba, sai na ce wa raina kyau ma hujja ce. Na wanke shi babba, na sa a ambulan, na hana kowa gani.

A gaban kwamiti, mutanen wani layi suka miƙa waya mai fasasshen gilashi, da hoton akuya ta kafe a laka. Ni kuma na zare nawa a hankali. Shugaban kwamitin ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi Baba.

"Masha Allah! Ya Hajj, wannan magudanarka ce ko Kogin Nilu? Ku da ke da moya, ruwa har haka, me kuka zo nema?"

Motar yasa ta tafi wajen akuya. Har roƙo shugaban ya yi a bar masa hoton ya kafa a ofis, Baba ya fizge abinsa.

Sai da muka yi nisa a hanya ya buɗe baki.

"Ina muke a ciki, mu ashirin da wani abu?"

"Kun yi motsi, Baba."

"Jakin fa?"

"Shi bai motsa ba."

Ya gyaɗa kai. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi, kunya ta rufe ni har gida.

Kwana huɗu muka yi muna yasa da hannu, ni da shi da duk wanda ya ji tausayinmu. Ruwa ya iso, amma ya makara, fiye da rabin dawar ta riga ta bushe da cikinta. Damina ta wuce, rumbunmu ko rabi bai kai ba, kuma ni na jawo.

Na zaci zai ƙona hoton. Sai na dawo wani zuwa na gan shi a bangon ɗakinsa, an sa masa gilashi. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba ruwan, ya yaba jakin. Baba sai ya tashi, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan dishi-dishi a tsakiyar farin ruwan, wanda ni da na ɗauka ma ban lura da shi ba.

"Ba jakin za ka duba ba," yakan ce. "Ga ni nan, ina jan ciyawa."