A Mayar wa Sabi Gunu Makullin Zaure

Kafin masu zem, wato 'yan acaɓa, su cika titin Banikanni da ƙarar babura, Sabi Gunu ya riga ya buɗe zauren matasa. Ya share, ya goge kwamfutoci da tsohuwar rigarsa, ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana laluben wayar da ɓera ya ɗanɗana. Sai ya leƙo ƙofa inda nake hura wutar suyar wagashi, cukun nan na nonon shanu, ya ce, "Iya Bake, yau ma hayaƙinki zai kashe min injuna." In ce masa su mutu mana, ni da kaskona mun riga su zuwa unguwar nan. Haka muka yi shekara da shekaru. Yanzu wani ne ke buɗe ƙofar, ni kuwa na kasa zama, na ce sai an rubuta min wannan kowa ya ji.

A cikin injunan nan akwai wani wasa, duniyar tubala da yaran unguwa suka gina tare: gonaki, gada, har kasuwa mai kama da tamu ta Arzeke. Kowane yaro da mutuminsa a ciki. In ya haƙa dutse ko ya kashe dodo, matakinsa ya hau, da matakin yake ƙara wa diga da takobi ƙarfi. In an kashe shi, abin da ya tara wata da watanni ya zube. Sabi kaɗai ke da ikon buga umarni a ɗan baƙin layin nan na ƙasa: ya ga matakin kowa, ya ƙara, ya rage, ko ya kwashe duka.

Masifar wasan, ba ya jiran kowa. Yaro ya tashi, mutuminsa na tsaye kamar gunki, dodo ya zo ya gama da shi. Shi ya sa yara suka daina amsa kira. Uwa na bakin ƙofa tana kwarmato, miya a wuta ba gishiri, ɗa na cewa "ina zuwa" har miya ta ƙone. Ni kaina na taɓa shiga da cokalin suya na fito da jikata Dado ta kunne.

Sabi ya ga haka ya kafa doka. Duk wanda aka kira daga gida ya ɗaga hannu ya ce "aike", ya tashi. Sabi ya duba matakinsa. In ya dawo ya tarar an kashe shi, Sabi ya buga umarni ya mayar masa daidai inda yake, ba ƙarin ko ɗaya. In yana shakka ya leƙo.

"Iya, Dado aike ta je da gaske?"

"Da kwalbar manja ta wuce, ba ka da ido ne?"

Tun daga nan, uwa ta kira sau ɗaya, yaro ya fito a guje. Ku tambayi matan layinmu.

Wata rana Tori, ɗan shugaban kwamitin zaure, ya taka da ƙafarsa ya afka ramin wuta a wasan. Sai da ya ga matakinsa ya zube sannan ya ɗaga hannu: "Aike!"

Sabi ya ce, "Toh! Mamanka a cikin ramin take da zama?"

Zaure ya kwashe da dariya. Washegari sai ga uban, Yaru Mama, da makullan mota a yatsa. Ina ji daga ƙofa.

"Sabi, ɗana zai shiga gasa. Ka sa masa mataki arba'in."

"Ranka ya daɗe, ba aike ya je ba."

"Layi ɗaya ne fa za ka buga. Injinka ne ko na kwamiti?"

"Na kwamiti ne. Amma in na buga masa, gobe da wane baki zan hana sauran?"

Yaru Mama ya juya ya fice. Sati bai zagayo ba aka ce wai Sabi na raba matakai ga 'ya'yan da yake so, aka karɓe makulli aka ba ɗan 'yar'uwar shugaba. Ƙarya ce! A gabana aka yi komai. Sabon kuwa abokansa sun wayi gari da takubba masu walƙiya, dokar aike ta bi ruwa. Shekaranjiya na aiki Dado niƙan barkono, ta tashi ba musu, ta dawo ta tarar ba ta da komai. Ta roƙi sabon mai makulli, ya ce wa ya ce ta tashi. Ta zo tana kuka ta ce, "Kaka, gaba kar ki kira ni." Yarinyar da ba ta taɓa mayar min da magana ba!

Sabi, kai ne ka riƙe ikon ɗaga kowa da sauke kowa, ba ka taɓa ƙara wa kanka ba. Kai ne ka sa yaro ya gane amsa kiran uwarsa ba asara ba ce. Mai amana, yanzu kana tuƙa zem, kana wuce ƙofar nan kana rage gudu, kana tsammanin ban gani ba. Jiya ka ce min, "Iya, ki bar maganar nan, babur ma abinci ne." Kai ka iya haƙuri. Ni ban iya ba, kuma na tsufa da koyo.

Na gode maka, ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Masu riƙe da injuna a sauran unguwanni, ku je ku tare shi a titi ku tambaye shi yadda ake yi.

Asabar kwamiti zai zauna. Zan kashe wutata in ja kujerata har tsakiyarsu. Duk uwar da ɗanta ke shiga zauren nan ta zo, ko da ƙullu a hannu. Yaru Mama ya nuna mana yaro ɗaya da Sabi ya fifita, ya kira sunansa a gaban uwarsa. In ya kasa, ya ajiye makulli a kan tebur, kafin nan ba wadda za ta tashi.