Ranar da Motar Autanmu Ta Juya da Inna a Hanyar Anka

Shekarun baya, ba a daɗe da ƙirƙiro jiharmu ba, Allah ya nufi mahaifiyata da samun kujerar aikin Hajji. Ta tsufa ƙwarai a lokacin, kuma dukkanmu mun sani, ko da ba mu furta ba, cewa idan wannan tafiya ta wuce ta, da wuya ƙafafunta su jira wata shekarar. Ni kuwa ina hedimasta a Gummi, ina dab da ajiye aiki.

Al'ada ce maniyyaci ya zagaya dangi da maƙwabta ya nemi gafara kafin ya tashi, Inna kuwa ta ɗauki wannan da tsanani. Ta gama da kowa, saura wata tsohuwa a wani ƙauye a hayin gulbi, wadda suka taɓa saɓawa a kan aron turmi tun suna da ƙuruciya. Ta ce ba za ta tsaya a gaban Ka'aba da wannan a wuyanta ba, ta tafi ta kwana can. Da safiyar ne aka yi sanarwa a rediyo cewa maniyyatan Gummi da Bukkuyum su hallara a sansanin alhazai na Gusau kafin la'asar, daga nan a kwashe su zuwa filin jirgi. Motocin ƙaramar hukuma suka ɗebi mutane suka wuce. Kafin a ɗauko Inna a kan babur, hantsi ya daɗe da dubawa.

Mota ɗaya ce a danginmu za ta iya cim ma wannan lokaci, ita ce ta ƙanena, autanmu, ɗan kasuwar hatsi. Daga Kwatano ya sayo ta, ja, gajera, cikinta kusa da ƙasa, da inji mai silinda shida. Idan ya tayar da ita, awakin unguwa sukan watse.

A makarantar mishan da na yi, malamin da ya koya mana aikin inji ba ya barin kowa ya taɓa sitiyari sai ya zagaya mota ya duba ƙafafunta. Wannan hali ya bi ni har tsufa. Ana saka jakar Inna a but, ni ina durƙushe a gindin tayoyi.

Motar ta zo ne da tayoyi huɗu iri ɗaya, masu faɗi, masu waya a ciki. Hanyoyinmu sun cinye biyu. Biyun da suka rage, ɗaya tana gaba a dama, ɗaya tana baya a hagu. A gaba ta hagu an saka wata siririyar tayar zare, irin ta tsofaffin motocin haya. A baya ta dama kuwa akwai wata ta gwanjo mai zurfin zane, da alamar dusar ƙanƙara a gefenta. Ta ƙasashen sanyi ce, robarta taushi gare ta, kuma a kan kwaltarmu ta bazara takan saki kamar danƙo. 'Yar'uwarta tana kwance a but a matsayin safaya.

Na ce, "Auta, wane ne ya haɗa maka wannan?"

Ya ce, "Yaya, duk baƙaƙe na, duk suna gungurawa. Wagga ta baya ma ta hi su duka, dubi haƙoranta."

Na bayyana masa cewa mota mai ƙarfi irin wannan ba ta yafe bambanci. Idan aka taka burki da gudu, kowace taya za ta kama ƙasa a nata lokacin, kuma bayan motar zai bi wadda ta riga kamawa. Na roƙi a ba ni ɗan lokaci in mayar da na asali biyu baya, in haɗa na ƙanƙara biyu a gaba, in jefa ta zaren a but.

Ya yi dariya. "Yaya, jirgi hwa ba ɗan makarantarka ba na, da za ka ce shi tsaya kan layi sai ka duba mai farce."

Inna tana zaune a kujerar baya. Da yake ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ta ce, "Auta, ce ma yayanka, in jarrabawa za shi yi ma mota, shi bari sai na dawo."

Na miƙe, na karkaɗe gwiwata, na shiga gaba. Malamai da ɗalibai suna rawar jiki idan na yi gyaran murya, amma a nan maganar Inna ce ta yanke hukunci.

Dole in yi wa motar adalci: ban taɓa shiga irinta ba. Auta ya ɗora ƙafa a totur, sai na ji bayana ya manne da kujera, itatuwan bakin hanya suka zama layi ɗaya. Muka wuce mararrabar Bukkuyum kamar ba mu gan ta ba. Rana ta take, kwalta tana walƙiya kamar an zuba mata ruwa. A baya, Inna tana bitar talbiyar da malaminsu ya koya musu, da ƙaramar murya, tana maimaitawa don kada ta manta a gaban mutane. Ni kuwa ina jin bayan motar yana ɗan lilo a kowace kwana. Na ce wa Auta ya rage. Ya rage kaɗan don kunya, sa'an nan ya koma yadda yake.

Kafin a isa Anka akwai wata kwana da ke gangarawa zuwa wani kwalbati marar shinge, a ƙarƙashinsa busasshen rafi mai zurfi da duwatsu. Muna karyo kwanar, sai ga shanu sun cika hanya suna ƙetarewa. Auta ya danna burki iyakar ƙarfinsa.

Gaban motar ya so tsayawa, bayanta ya ƙi. Na ga shanu a gabana, sai na ga daji, sai na ga hanyar da muka baro, sai shanu kuma. Ƙarar tayoyi ta cika kunnena, warin roba ya cika motar. Na ga bakin kwalbatin ya taho ta tagata, na hangi duwatsun da ke ƙasa, sa'an nan ya wuce. Motar ta sake kewayawa, ta girgiza, ta tsaya, injin ya mutu. Sai na tarar da kaina riƙe da hular Auta da hannu biyu, ban san lokacin da na cire masa ita ba.

A cikin wannan shiru ne na ji muryar Inna. Ba ta yi salatin firgita ba, ba ta yi kururuwa ba. Talbiyarta take ci gaba da yi, da irin muryar da ta faro tun daga gida, har ta kai ƙarshenta, sa'an nan ta numfasa ta gyara mayafinta.

Na fita, na bi zanen da tayoyin suka bari a kan kwalta. Layuka huɗu ne, kuma kowanne ana iya gane mai shi: biyu masu faɗi, ɗaya siriri, ɗaya baƙi ƙirin inda roba ta narke. Sun nannaɗe juna sun ratsa ta tsakiyar garken ba tare da sun taɓa ko maraƙi ba. A bakin kwalbatin, baƙin layin ya bi gefen siminti. Na durƙusa na ɗora tafin hannuna tsakaninsa da ramin, hannuna bai shiga ba sai a karkace. A ɗaya gefen akwai wata Bafulatana tsaye da ƙwaryar nono a kanta, zanen ya yi baka ya kewaye inda take. Ba ta motsa ba tukuna, kuma nonon bai zuba ba. Na koyar da lissafi da zanen kusurwa shekaru masu yawa, amma da an ba ni alli da igiya an ce in zana hanyar da mota za ta bi ta tsira a wannan wuri, da ban samo ta ba.

Mutane suka taru daga gonaki, makiyayan shanun ma suka iso. Wani dattijo ya dubi motar, ya ga hancinta yana fuskantar Gummi, ya tambayi inda za mu. Da aka gaya masa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wagga ishara ta. Abin hawa ya juya da kainai ya dubi gida. Ku mai da tsohuwa, baɗi na nan." Wasu suka ce gaskiya ne.

Auta ya durƙusa a ƙofar baya, fuskarsa ta yi toka. "Inna, mu koma. Saura kaɗan in kashe ki. Ba ni iya sake taɓa sitiyarin ga."

Inna ta leƙo ta dubi dattijon, ta gaishe shi da ladabi, ta ce, "Malam, mota taj juya, ni ban juya ba. An kira ni, kuma kun ji ina amsawa." Ta dubi Auta. "Kai kuma tashi, kana ba ni kunya cikin mutane. Motar taka ta riga ni ɗawahi, shi ke nan. Ce ma yayanka shi yi abin da yac ce za shi yi."

Jak ɗin ɗaga motar ya riƙa nutsewa a cikin kwalta mai laushi, sai makiyayan suka kawo faffaɗan dutse aka ɗora shi a kai. Inda jak ɗaya ya kasa, majiya ƙarfi suka ɗaga motar da hannu aka tokare ta. Na mayar da na asali biyu baya, na ƙanƙara biyu gaba. Dattijon nan da ya ce a koma shi ne ya riƙe mini notocin tayoyin a cikin hularsa.

Ni na karɓi tuƙi. Gyaran bai mayar da motar daidai ba, ya dai sa hagu da dama sun yarda da juna, don haka ban wuce gudun motar haya ba. Inuwa ta fara tsawo. Auta, da jininsa ya dawo, ya soma motsi a kujera yana kallon rana. Bayan Anka ya ce, "Yaya, ko ɗan ƙara..." Na dube shi, ya haɗiye sauran. Ban taɓa jin nauyin tafiya a hankali kamar na wannan yammaci ba, domin na san idan motocin da za su kai alhazai filin jirgi suka tashi, taka-tsantsan ɗina ne zai zama abin da ya hana Inna.

Mun shiga Gusau an idar da la'asar. A ƙofar sansanin, manyan motoci suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe tana tsaye injinta yana aiki, kuma a matakalarta wata mata 'yar unguwarmu ta kafa ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa, tana jayayya da jami'i. An kira sunan Inna ba a ji ta ba, matar ta ce ba za ta shiga ba, ba kuma za ta sauka ba, sai an jira. Da ta hango jar motar, ta ɗaga hannu ta rangaɗa guɗa. Muka tallabi Inna muka hau da ita. Ba ta waiwayo ba, tana neman wurin da za ta ajiye butarta.

Ta yi aikinta, ta dawo lafiya, ta ƙara 'yan shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abarsa.

Na sha ba masana injiniya wannan labari. Sukan bayyana mini nauyi da gudu da zafin roba, kuma na yarda da bayaninsu ɗaya bayan ɗaya, domin shi ne na faɗa tun a ƙofar gida. Na san dalilin da ya sa motar ta juya. Dalilin da ya sa ta tsaya inda ta tsaya ne ban samu a wurin kowa ba. Yau idona ya yi rauni, jikoki ne suke tuƙa ni, kuma duk sanda muka kusa wannan kwalbati nakan yi shiru, ko da ina tsakiyar yi musu faɗa. Su ma sun saba, sukan kashe rediyo har mu haye.