Alwatika Biyu a Rigar Malam Hamadu

Har yau ban manta da ranar da na yanka shaddar Malam Hamadu ba tare da na auna ta ba. A shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa ne, ina ɗinki a shagon Baba Ɗanladi a unguwar Birkitari, kuma na fara jin kaina gwani.

Malam Hamadu masinja ne a wata ma'aikata, an zaftare musu albashi, ga matarsa ta haihu. Ya kawo shadda a yi masa riga ta ranar suna, ya ce, “Huɗu ce cif, ita ke nan gare ni.” Mu nan da mita muke aiki, shi kuwa wurin wani ɗan Najeriya ya saya, mai awo da yadi. Yadi bai kai mita ba. Ban tambaya ba, na sa almakashi.

Da ya zo gwaji ana jibi suna, rigar ta ƙi wuce tumbinsa. Ya dube ni ya ce, “Yanzu da singileti zan tarbi baƙi?”

Baba Ɗanladi bai yi faɗa ba. Ya ce, “Isiyaku, kawo ragowar.” Ɗan ƙyalle ne mai kusurwa huɗu, bai isa komai ba a idona. Ya yanka shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya zama biyu, kowanne gefe uku, sama tsini, ƙasa faɗi.

“Wannan ita ce alwatika,” in ji shi. “Farke gefen rigar, tsinin ya tafi hammata, faɗin ya sauka inda Allah ya yi wa Malam arziki.”

Malam Hamadu da kansa ya tuntsire da dariya. Na ɗinka, riga ta zauna ɗas.

Bayan suna abokan aikinsa uku suka zo daga unguwar Tsinga, wai irin ɗinkin nan suke so. Baba ya ce musu sabon yayi ne, ko murmushi bai yi ba.

Ku da kuke koyo yanzu, ku riƙe wannan: wanda ya kawo muku yadi a lokacin tsanani, mutuncinsa ya ɗora a kan teburinku. Ko limamin unguwa ne ya ce huɗu ce, ku gaishe shi da ladabi, sannan ku ɗauko abin awo.