Mai Rijiya

Magana ɗaya da aka yaɓa wa Baba ce ta sa ni neman salsalar gidanmu. Ana shawarar gyaran masallacin unguwarmu a Anka, ya kawo tasa, sai wani dattijo ya ce baƙi su bari 'yan gari su gama tukuna. Baba ya miƙe. Ya naɗe buzunsa ya dawo gida, kuma daga ranar ya daina zama majalisar ƙofar masallaci. Mutumin da aka yanke wa cibi a garin ya koma yin salla ya wuce kamar matafiyi. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ni kuwa malamin makaranta ne, irin masu ganin abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Na sayi littafi mai kauri, na rantse sai na kawo wa Baba hujja. Dattawan Anka suka ce kakan Baba malami ne mai karantarwa a zaure, amma ba su san inda ya fito ba. Wani ya ce in gwada Gummi. A can abin da na samu bai yi mini daɗi ba: wai an taɓa yin wani mai haƙar rijiya a danginmu, ya yi gabas bai dawo ba. A Bukkuyum kuma Goggo, yayar Baba, ta cika ni da fura da labarin wani Mai Rijiya. Na tambayi sunansa, ta ce ita haka ta tashi ta ji ana faɗi.

Gaskiya malami nake nema, ba mai shiga rami ba. Sai na ba Malam shafi guda da jan biro, Mai Rijiya kuwa na maƙala shi a gefe, na rubuta cewa wataƙila baran gida ne.

Wata rana bayan la'asar nake karanta wa Baba a tsakar gida, Inna na gefe tana tsintar wake. Wata huɗu ina yawo ban tambaye ta komai ba, don na san ko za a yanka ta ba za ta ambaci sunan surukanta ba. Da na zo wurin baran gida sai ta aje faifai tana dariya.

"Kai ɗan boko, ka tsaga mutum guda biyu," in ji ta. "Malam shi na Mai Rijiya."

Ta ce kakarmu, wato mahaifiyar Baba, ba ta faɗin sunan surukinta saboda kunya, shi ya sa take kiransa da aikinsa, matan gidan duk suka ɗauka. Maza suka riƙe karatunsa, mata suka riƙe rijiyarsa. Daga Gummi ya zo, ya tarar matan unguwa na zuwa nesa ɗibar ruwa, ya haƙa rijiyar bakin masallaci kafin ya kafa zaure. Duk wannan a bakin turmi kakarmu ta ba ta.

Baba ya ce, "Ni na ɗauka don zaurenai na kusa da rijiyar aka ce mai hakanan."

Ban saki ba, na ce ina hujja. Inna ta dube ni yadda take dubana in na ɓarar da miya ina ƙarami.

"In an tashi yasar rijiyar ga, wane gida ka dahwa ma masu aiki tuwo?"

"Gidanmu."

"To mi yas sa?"

 Tun ina yaro nake ganin akussa na fita daga gidanmu ranar yasa, duk unguwa ta san haka, har dattijon nan ya sha cin tuwon. Ban taɓa tambayar dalili ba. Kunya ta kama ni, godiya kuma ta fi ta yawa, ga Allah da ga matan nan da suka adana mana kakanmu ba tare da sun taɓa furta sunansa ba.

Baba ya daɗe yana murmushi. Ya ce ashe dattijon nan bai yi ƙarya ba, baƙi muke. Da magariba ta kusa ya kakkaɓe buzunsa, ya ce zai je ya yi alwala da ruwan kakansa, kuma kada a jira shi da wuri, zai zauna majalisa.

A bakin zaure ya juyo ya ce in gyara littafina, in rubuta daga bakin wadda muka ji. Don tsokana na ce wane suna zan sa. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira ta da sunanta ba, sai dai "ke" ko "uwar yara". Ran nan ya faɗe shi cikakke, har da na mahaifinta. Inna ta ja gyale ta rufe fuska, ni kuma na rubuta da jan biro.