Fam Ɗin Tabawa

Wannan abin ni ya faru da ni, ba wani ya ba ni labari ba, kuma wallahi ko a gaban alƙali haka zan maimaita shi. Shekara biyar ke nan ko shida, lokacin ina riƙe da ɗan shagona na buga takardu da wankin hoto a cikin garin Daura. Sana'ata ke nan, amma abin da ya fi cin raina shi ne tara tsofaffin kuɗin takarda, irin su fam da sule goma da sule biyar na kafin zuwan Naira, da tsofaffin sefa na maƙwabtanmu. Mutane dariya suke yi mini, maiɗakina Binta kuwa cewa take yi ni kaɗai ta taɓa gani yana ba da kuɗi mai rai ya sayo gawa. To ni dai Allah ya jarabce ni da son abin, ba yadda zan yi.

Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba haka ba ba za ku gane girman wautar da na tafka ba. Mu masu wannan harka aji-aji muke raba takarda. Aji na ɗaya ita ce wadda ba a taɓa ninke ta ba ko sau ɗaya, kusurwoyinta huɗu a tsaye, in ka girgiza ta kusa da kunne ka ji tana ƙaras-ƙaras. Ninki ɗaya kawai ya isa ya sauke ta, hudar allura ta ƙara sauke ta, rubutu a jikinta kuwa ya gama da ita. Can ƙasa akwai wadda muke kira tsumma. Kuma babban abin kunya a wurinmu shi ne mutum ya wanke takarda ko ya goge ta da dutsen guga don ta yi kamar sabuwa, wannan ha'inci ne, kuma ni da bakina na sha zagin masu yin sa.

Duk ranar Lahadi nakan hau babur in tafi kasuwar Mai'adua, in zauna a rumfar wani mai sayar da igiya, mutanen ƙauye su kawo mini abin da suka tsinto a akwatin kakanninsu. Yawanci tsumma ne, gara ta ci rabi. Ran nan dai, kaka ce, an idar da azahar ke nan, rana tsaka, kasuwa ta cika maƙil, sai na ji sallama a kaina. Na ɗaga ido na ga wani mutum da bai wuce shekara talatin ba, siriri, da 'yar shara irin ta saƙi wadda rabona da ganin irinta tun ina yaro a jikin kakana. Ya tsuguna ya ce, "Malam, an ce kai ne mai karɓar irin kuɗin nan."

Ya miƙo mini takardar fam ɗaya, ja. Shekara goma sha ina neman irinta. Na sa hantsakina na ɗaga ta a rana, na duba da gilashi, babu ninki, babu huda, kusurwa huɗu kamar yau aka yanke su. Sai dai a gefenta na baya akwai rubutun ajami layi biyu da tawadar allo, abin da ya sa na ji kamar in yi kuka. Na ce nawa zai sayar.

Ya ce shi ba sayarwa ya zo yi ba, saƙo ne. Ya ce, kusan haka dai, ba zan iya kawo maganarsa daidai ba: "Matata Tabawa za ka kai wa. Na bar ta da ciki na tafi ci-rani, ana ta faɗa mata wai guduwa na yi. Ban gudu ba. Na daɗe ina neman mai kai mata, duk wanda na miƙa wa sai ya yi dariya ya ce ai an daina karɓar wannan." Ya faɗa mini sunan ƙauyen, wanda ba zan ambata ba, yana can gabas da Mai'adua wajen bakin iyaka, ya ce sunansa Bawa. Na ce to kai me ya hana ka kai da kanka, ga ƙauyen nan kusa? Ya ce ƙafarsa ba ta kaiwa can. Na sunkuya ina zura takardar a leda, na ɗago in tambaye shi lambar waya, babu shi. Ban wani damu ba, kasuwar Mai'adua ce, in ka ƙifta ido ma raƙumi sai ya ɓace maka.

A hanya na yanke cewa mai taɓin hankali ne. To wane mai hankali ne zai aika wa mace mai ciki kuɗin da ko ƙosai ba zai saya ba? Haka na yi ta lallashin kaina har gida. Kuma ga abin da Shaiɗan ya raɗa mini: tawadar allo ai ba biro ba ce, gawayi ne da ƙaro, ruwa kaɗan ke ɗauke ta. In na bi a hankali da auduga, rubutun zai fita ba tare da takardar ta ji ba, in wayi gari da fam mai aji ɗaya, wadda ko manyan masu harkar nan na Kano da Legas da muke hira a waya ba kowa ke da ita ba. Matar kuwa, na ce sai in kai mata dubu biyar sababbi, ai ta fi amfana. Kun ji fa yadda mutum yake yi wa son zuciyarsa kwalliya.

Washegari da hantsi na shimfiɗa farin ƙyalle a tsakar gida, na jiƙa auduga, na fara daga ƙarshen layi na biyu. Kalma ɗaya na goge, ta fita tas kamar ba a taɓa rubuta ta ba. Ina shirin ta biyu sai ga Binta ta fito da tsintsiya, ta leƙo ta kafaɗata. Ni ajamina na kame-kame ne, ita kuwa gidan malamai ta tashi, tana karanta shi kamar ruwa. Ta ce, "Tsaya tukuna, Malam, ka karanta kuwa?" Na ce me zan karanta a shirmen mahaukaci. Ta karɓe audugar daga hannuna ta karanta a fili: "Tabawa, ban gudu ba, ciwo ne ya kayar da ni. In namiji ne a sa masa Sale. Ina kwance a..." Ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "A ina?"

Kalmar da na goge ita ce sunan garin, kuma ko kallonta ban yi ba balle in tuna. Binta ba mai yawan faɗa ba ce, amma ran nan ta wanke ni tas, ta ce mutum yana kwance ba lafiya ya ba ka amana, kai kuma ka share inda za a same shi saboda kusurwar takarda? Ta ce ko ruwan gidan nan ba zan sha ba sai na kai.

Na tayar da babur. Daga Mai'adua hanyar ta zama burji, daga burji ta koma turɓaya tsakanin gonakin gero da aka girbe, sai da na faɗi sau ɗaya kafin in isa. Na sami dattawa a gindin wata bishiya na gaishe su, na ce ina neman gidan Tabawa matar Bawa, mai ciki, ko wataƙila ta haihu. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Mai ciki?" sai suka fashe da dariya, ban da wani tsoho da bai yi ba. Shi ne ya ce Tabawa ɗaya ce a garin, kuma Bawa ɗaya aka taɓa yi, ya tashi ya ce in biyo shi.

A zauren gidan muka tarar da wani magidanci mai furfura a gemu yana gyaran buhunan gero, ya girme ni nesa ba kusa ba. Tsohon ya ce, "Sale, ga baƙo wajen Inna." Da na ji sunan nan sai na tuna layin da Binta ta karanta. Aka shigar da ni, ga wata tsohuwa a kan tabarma a inuwar rumbu, ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ita ce Tabawa.

Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Malam Sale ya haɗe rai ya ce in wasa na zo yi da su in tashi tun muna shaida juna. Ya ce shi bai taɓa ganin ubansa ba, tun yana ciki mutumin ya tafi, ya tashi yara suna kiransa ɗan wanda ya gudu, uwarsa ta yi shekaru tana jira har alƙali ya raba auren, ta yi wani, shi ma ya rasu. Ya ce sunan ma da aka sa masa, ita ta nace a kansa don ta san shi mutumin yake so, dangi suna yi mata gori. Sai tsohuwar ta ce, "Ɗan nan, in yana magana yana kama kunnensa na hagu?" Sai a lokacin na tuna. Tun da ya tsuguna a gabana har ya gama, hannunsa na kan kunnen nan. Na ce eh, Inna. Ta ajiye gyaɗar.

Sannan na faɗi laifina, don ba zan iya haɗiye shi ba. Na ce Inna ki yafe mini, son zuciya ya sa na goge kalma ɗaya, kuma ita ce sunan garin da yake. Hawaye nake yi sosai, ba na jin kunyar faɗa. Ta ce ba komai, a dai karanta mata sauran. Na miƙa wa Malam Sale ledar, ya zaro takardar da yatsunsa masu ƙura, ni ko motsi ban yi ba, ya matsa wajen haske ya fara karantawa, muryarsa tana karyewa: ban gudu ba, ciwo ne ya kayar da ni, in namiji ne a sa masa Sale, ina kwance a Bukuru.

Na ce, "Me ka ce?" Na fizgo hannunsa na duba. Kalmar tana nan a gurbinta, baƙa wuluk, hannu ɗaya da sauran rubutun. Ya ɗaga babban yatsansa, ga tawada ɗanya ta shafe shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni na goge ta da hannuna, Binta shaida ce, kuma daga gidana har ƙauyen ledar tana aljihun ƙirjina.

Tsohuwar ta miƙo hannu aka ba ta. Ta shafa ta, ta kai hanci ta sunsuna, sai ta yi wata 'yar dariya da hawaye tare, ta ce, "Ai na faɗa musu. Na faɗa musu ba halinsa ba ne." Daga nan, a gaban idona, ta ninke fam ɗin nan biyu, ta ƙara ninkewa huɗu, ta danne da farce, ta ƙulle a bakin zanenta. Ni da in an taɓa kusurwar takarda sai in ji kamar an taka mini ƙafa, ran nan wallahi daɗi na ji har cikin raina. Malam Sale ya fita zaure ya daɗe, da ya dawo idonsa jawur, ya ce wa tsohon da ya rako ni ya je ya gaya wa na gindin bishiya abin da ya ji da kunnensa.

Bayan an gama kai amfanin gona gida Malam Sale ya yi shiri ya tafi Bukuru, can ƙasar Jos inda mutanenmu suke zuwa haƙar kuza a da. Da ya dawo ya biyo ta shagona. Ya ce ya yi kwana huɗu yana tambaya a unguwar Hausawa, har aka kai shi wurin wani tsoho tukuf da ya yi aikin kuza tare da wani Bawa mutumin Daura, wanda ciwon ƙirji ya kashe. Tsohon ya nuna masa maƙabartar, Malam Sale ya tsaya ya yi wa ubansa addu'a a karo na farko a rayuwarsa. Kuma tsohon ya fashe da kuka ya ce shi aka ba saƙon, ya sa a gwangwanin taba yana cewa sai ya sami mai zuwa Daura, yau da gobe har aka canza kuɗi, kunya ta hana shi ko buɗewa. Ya sa aka ɗauko gwangwanin daga ƙasan akwati, tsatsa ta manne murfin sai da aka sa wuƙa. Babu komai a ciki.

Ni ban san wanda ya tsuguna a gabana ba, kuma na daina tambaya, malamai biyu na kai wa maganar kowa ya ce Allah ne masani. Inna Tabawa ta ƙara shekara biyu a duniya, kuma duk wanda ya je gaishe ta sai ta kwance bakin zane ta nuna masa. Ku dai abin da zan roƙe ku, in kun buɗe akwatin tsofaffinku kun ga irin takardun nan, kada ku wanke, kada ku goge, kada ku ba yara su yi wasa da su. Ku juya bayanta ku duba tukuna, in da rubutu ku nemi mai karantawa. In kuma akwai saƙon wani a hannunku da kuke cewa sai gobe, ku tashi ku kai shi yau, tun mai shi bai taso da kansa ba.