Ranar da Ɗan Wana Ya Faɗi Sunan 'Yarsa

Na yi shekaru ina tuƙin babbar mota tsakanin Ghana, Chadi da Sudan, na ga abubuwa iri-iri, amma yinin da ba zai taɓa fita daga raina ba a nan gida na gan shi. A da, a ƙauyenmu da ke kusa da dam ɗin Watari, idan mutum ya faɗa shaye-shaye magani ɗaya muka sani: a kai shi gidan mari, a sa masa ƙarfe a ƙafa, a yi ta ba shi rubutu har ya yi laushi. Yanzu ba haka muke yi ba, kuma a kan ɗan wana aka fara canjawa.

Magidanci ne mai shekara talatin da 'yan kai, manomin tumatir da albasa. Ƙwaya yake sha, irin wadda 'yan ƙwadago ke haɗiya don kada su ji gajiya, daga baya ya haɗa da maganin tari. Sau biyu ana kai shi mari. In ya dawo sai ya yi wata biyu garau, sannan a tsince shi a gindin mangwaro yana layi. Lokacin da na ajiye tuƙi na dawo gida, na tarar an sa ranar mayar da shi karo na uku, kuma Yaya, wato mahaifinsa, ya rantse wannan karon shekara zai yi. Na ga tabon ƙarfen a idon sawunsa, na ji ba zan iya yin shiru ba.

Matarsa na fara tambaya yaushe abin ya soma. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baffa, tun shekarar da yarinyar nan ta faɗa kanal." 'Yarsu ta fari take nufi, mai shekara huɗu, wadda ruwan da ake sakowa daga dam ya ci ina can Sudan. Ta ƙara da cewa, "Ko a zaman makoki Baba, kakanta, aka riƙa yi wa gaisuwa. Shi uban yarinyar yana gefe yana shimfiɗa tabarmi."

A gidanmu haka al'adar take. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in ya rasu ma ba ya nuna ya ji. Kunya muke ce mata, kuma da ita aka raine ni. Amma a Sudan na ga ƙattin maza masu rawani suna rungume juna a gidan rasuwa suna kuka da sauti, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. A lokacin dariya abin ya so ya ba ni. Ranar da na ji maganar matar nan kuwa, sai na fara tunanin ina namu kukan yake tafiya.

Na sami Yaya a zaure bayan la'asar na ce a bar ni in kai ɗan nasa asibitin ƙwaƙwalwa a birni.

"Kai da ka gama yawon duniya ka dawo da Faransanci da ciwon baya, kai za ka koya mini riƙon ɗana?" in ji shi. "Mu ba mu da mahaukaci a zuri'a."

"To Yaya, shi ƙarfen ƙafa masu hankali ake sa wa?"

Ya harare ni ya daɗe. Can ya ce, "Zan bi ku, in ga ƙarshen iyayinka."

Likitar da muka samu mace ce, ba ta kai shekarun ɗan wan nawa ba. Na ga Yaya ya taɓe baki. Ta tambayi irin ƙwayar da yawanta, ba faɗa, ba wa'azi. Sannan ta ce, "Malam, kana samun barci?" Ya ce sai ya sha. Ta ce, "In ba ka sha ba, me kake gani in ka rufe ido?"

Ya ce, "Ruwa."

Ta ajiye biro. Da ƙyar ya ce akwai wata yarinya. Ta ce, "Wace yarinya? Yaya sunanta?" Sai ya juya ya kalli mahaifinsa, ya mayar da kai ƙasa. Ni kaina na ji nauyin tambayar, har na buɗe baki zan yi wa likita bayanin al'adarmu. Yaya ne ya riga ni. Dattijon da ban taɓa jin ya kira sunan wannan ɗan nasa na fari ba ya dafa gwiwarsa ya ce, "Faɗa mata. Yau babu kunya tsakanina da kai."

Ɗan wan nawa ya faɗi sunan. Ya ce ranar nan yarinyar ta biyo shi hanyar gona tana miƙo hannu ya ɗauke ta. Mutane na zaune a bakin hanya, ya ji kunya, ya daka mata tsawa ta koma gida. Ta bakin kanal ta koma. Shekara biyar yana ɗauke da wannan, ko matarsa bai gaya wa ba. Ya yi kuka irin wanda na gani a Sudan, Yaya kuma bai janye hannunsa ba.

Likitar ta yi mana bayani a sauƙaƙe. Ta ce ciwo biyu ne a jikinsa, ƙwaya da damuwa, kuma ta biyun ce ke ciyar da ta farkon. In aka raba shi da ƙwaya aka bar damuwar, komawa zai yi, ko shekara nawa ya yi a ɗaure. Aka kwantar da shi mako biyu, aka ɗora shi kan magani, aka sa masa ranakun zuwa ya zauna a yi magana. Ba a dare ɗaya ya warke ba. Ya taɓa zamewa da kaka, amma da ƙafarsa ya zo ya ce, "Baffa, na sha jiya, a mayar da ni wajen likita." Yaya da kansa ya goya shi a babur zuwa bakin titi.

Yau shekara huɗu ke nan bai sha ba, kuma shi ake kira in wani ya faɗa irin wannan hali. Ina alfahari da shi, amma na fi alfahari da Yaya, don na san abin da ya ajiye ranar nan. Abin da na koya shi ne, mai shaye-shaye sau da yawa akwai abin da yake binnewa, kuma sai an tambaye shi a ji. Tun daga lokacin ba a sake kai kowa mari daga ƙauyenmu ba. In kuma ɗan fari ya rasu, uban ake fara yi wa gaisuwa.